Amfilifaya ɗaya ko biyu?

Tambaya: Ina da lasifika huɗu a ƙofofin mota, kowace wat 50, da sabwufa (babbar lasifika mai fitar da sauti mai kauri) mai inci 12, wat 300, om 4 (ma'aunin juriyarta ga lantarki). Wace amfilifaya ta dace? Daga mai karatu a Bolari, Gombe.

Amsa: Malam, kar lambar kan kwali ta ruɗe ka, wat 2000 ɗin nan da ake rubutawa ado ne. Nemi lambar da aka rubuta RMS a gefenta, ita ce ƙarfin gaskiya.

Mu dai shawararmu amfilifaya biyu: mai layi huɗu, wat 50 zuwa 75 kowane layi, don lasifikun, sai mai layi ɗaya, nau'in da ake kira ajin D, da ke ba da wat 300 a om 4 don sabwufar. In aljihu bai kai ba, mai layi huɗu ta isa: biyu na gaba, sauran biyun a haɗe su ja sabwufa, lasifikun baya kuma rediyon ya riƙe su. Amma a wannan haɗin kar a sauka ƙasa da om 4, za ta yi zafi ta ɗauke.

Wajen waya ake yawan kuskure. Sayi ta jan ƙarfe zalla, mai kauri lamba 4, ka sa fis kusa da batir, cikin santimita 45. Wayar da za ka ɗaure a jikin mota ta zama gajera, a kankare fenti har ƙarfe ya fito fes. In ba haka ba, za ka riƙa jin ƙugi.

Saita matatar sauti, wato abin da ke raba sauti, a 80 Hz: sautin da ke sama da haka na lasifiku, na ƙasa na sabwufa. Kuma da zafin Gombe na watan Afrilu, kar ka binne amfilifaya ƙarƙashin kafet, bar ta ta sha iska.