Wasa na tsayawa cak a kan adaftar Wi-Fi

Malam, ka ce kana tsakiyar wasa ta intanet a kwamfuta sai komai ya tsaya cak, ping (wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo) ya yi sama, alhali sandunan Wi-Fi a cike suke. Fara da hana Windows yi wa adaftar (na'urar da ke kamo wa kwamfuta Wi-Fi) rowar wuta: shiga Device Manager, buɗe adaftar, a Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe ta. In rawutarka (na'urar da ke raba Wi-Fi a gida) na da zangon 5 GHz, koma can, don 2.4 GHz ta cika da na maƙwabta, har Bluetooth a nan yake.

Sai dai ka gwada tukuna. Buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta ping da adireshin rawutarka, galibi 192.168.1.1, ka ƙara -t, ka bar shi yana gudu kana wasa. In lambar lokacin da yake nunawa na tsalle daga 2 zuwa ɗaruruwa, matsalar a ɗakinka take. In ta tsaya daram, wataƙila ta layin kamfanin intanet ce, adafta ba ruwanta. Ni nan Garwa, adaftata a bayan kwamfuta na soka ta, jikin bango, ga zafin Afrilu, in ka taɓa ta har ƙuna take. Da na samo doguwar igiyar USB na ɗaga ta saman tebur tana kallon rawuta, sarƙewar ta ragu sosai.