Me Ya Sa Manyan Kalmomin Ingilishi Ba Sa Zama a Kai?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai shirin jarrabawar IELTS ta gwada ƙwarewa a harshen Ingilishi, kuma wata uku ke nan ina haddace manyan kalmomin Ingilishi guda ashirin a kullum daga wani jeri da na samu. Abin da yake damuna shi ne, idan na haɗu da su a jarida sai in gane na taɓa ganinsu, amma ma'anar ta ɓace. Shin kaina ne ba ya riƙe abu, ko kuwa hanyar ce ba daidai ba?
Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwa, kanki lafiyarsa ƙalau, hanyar ce take buƙatar gyara. A shekarar 1885, wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya riƙa haddace gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, sannan ya auna abin da ya rage masa bayan mintuna da sa'o'i da kwanaki. Ya gano cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, daga nan sai ta lafa, kuma sake koyon abin da aka taɓa haddacewa ya fi koyon farko sauƙi. Kalmar da kika ɗauko daga jeri ita kaɗai, babu jimla babu mahalli, tana kama da waɗancan gaɓoɓi nasa a ƙwaƙwalwarki, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan ta zame.

Maganin farko shi ne bita mai tazara. Maimakon ki karanta kalma sau goma a zama ɗaya, ki waiwaye ta gobe, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako, kina ƙara tazarar muddin kina tunawa. Wannan shi ne tsarin da wani ɗan jarida a Jamus mai suna Sebastian Leitner ya yaɗa a 1972 da katuna masu tambaya a gaba da amsa a baya, da kuma akwatuna: katin da aka ci amsarsa yana matsawa gaba, wanda aka faɗi kuma yana komawa akwatin farko. Manhajar Anki tana yi wa mutum wannan lissafi a waya. Sai dai sharaɗin yana nan: ki rufe amsar, ki tilasta wa kanki lalubo ta kafin ki duba, domin wannan 'yar wahala ta lalube ita ce take kafa kalma. Mai sake karanta jeri kawai yana jin daɗin sanayya ne, alhali bai riƙe komai ba.

Na biyu, wanda ni na fi ba shi muhimmanci, shi ne sanin tushe. Duk Bahaushe yana jin dangantakar da take tsakanin hukunci, hukuma, hakimi da hikima, domin duk daga saiwar Larabci guda suka fito. Manyan kalmomin Ingilishi ma haka suke, don yawancinsu daga Latin da Girkanci da Faransanci aka aro su, musamman bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa masu magana da Faransanci, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Idan kika san cewa "bene" na nufin alheri, "mal" kuma sharri, to "benevolent" (mai son alheri) da "malevolent" (mai mugun nufi) sun zama naki a lokaci guda, tare da "benefactor" (mai taimako) da "malice" (ƙeta). Haka "chron" yake nufin lokaci, shi ya haifi "chronic", wato abin da ya daɗe, da "anachronism", wato abin da aka sa a zamanin da ba nasa ba. Ki yi hattara dai, tushe hasashe yake bayarwa, ƙamus ne yake tabbatarwa.

Kada kuma ki raba kalma da abokan tafiyarta. Bature yana cewa "heavy rain", ba ya cewa "strong rain", kamar yadda mu muke cewa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Saboda haka ki rubuta a katinki jimlar da kika tsinci kalmar a ciki, ki kuma ƙirƙiri taki jimlar game da abin da ya shafe ki.

Game da jerin da kike bi, ban san wanda ya tsara shi ba, amma tunda IELTS kika sa a gaba, ki nemi jerin kalmomin ilimi mai suna Academic Word List wanda masaniyar harshe Averil Coxhead ta fitar a 2000, mai ɗauke da dangin kalmomi 570 da suka fi yawo a rubutun ilimi. Ki rage ashirin ɗin nan zuwa bakwai ko takwas a rana, sauran lokacin ki ba bita da karatun jarida.