Tambayi Kawu: Faifan da Ba Ya Ɗaga Murya

Wasiƙu uku na ɗauko wannan watan, kuma daga shagona na gyaran rediyo da lasifika a nan Jidda nake amsa su.

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Ni direban gida ne a Riyad. Na tara kuɗi na sayi hedifon mai kyau, na sauke faifan Anouar Brahem na 2025, After the Last Sky. To amma sai na ƙure ƙarar waya kafin in ji shi sosai, alhali waƙoƙin biki ko rabi ban kai ba sun cika mini kunne. Faifan ne ke da matsala, ko cutata aka yi a hedifon?

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka, ba wanda ya cuce ka. Waƙoƙin bikin nan matse su ake yi a situdiyo. A ɗago sautin da ke ƙasa, a danne wanda ke sama, komai ya zo kai ɗaya, don a ji su a mota da cikin hayaniyar kasuwa. Kamfanin da ya fitar da faifanka, ECM, wanda Manfred Eicher ya kafa a birnin Munich na Jamus a 1969, ba haka yake aiki ba. Inda makaɗi ya yi raɗa, a raɗa ake barinsa. In ka taɓa zama kusa da mai gurmi da daddare, ka san yadda yake shafar tsirkiya kamar ba ya so, can kuma ya fizge ta. Tazarar da ke tsakanin shafar da fizgar ita ce aka adana maka, kuma ita ka biya wa kuɗi.

Mutum huɗu ne a faifan. Brahem, mutumin Tunusiya, yana riƙe da ud, molon Larabawa. Anja Lechner na kan celo, babban gogen Turawa da ake kafawa a ƙasa. Django Bates na kan fiyano, Dave Holland na kan bas, wanda ya fi celo girma da kaurin murya. Babu ganga ko ɗaya, saɓanin Blue Maqams na 2017 inda Jack DeJohnette ya buga masa. Ni a wurina celon ne ke jan ragama: ud yana faɗin magana a gutsure, celo ya ɗauka ya ja ta da tsawo kamar mai kuka a ciki. Brahem ya tsara kiɗan ne zuciyarsa na Gaza, kuma ana jin nauyin hakan. Abin da zan ɗan soka shi ne tafiyar kusan iri ɗaya ce daga farko zuwa ƙarshe, mai gajen haƙuri zai gaji a tsakiya. Amma ɗaukar sautin, ban ji wadda ta fi ta tsabta a 'yan shekarun nan ba. Kana jin yatsan Holland ya sauka kafin sautin ya fito.

Babban abokin gabarka mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki. Gurnaninsa yana haɗiye duk abin da ke ƙasa-ƙasa, shi ya sa kake ta ƙara murya. Na san zafin Riyad, ba zan ce ka zauna cikin gumi ba. Ka bari ɗaki ya yi sanyi bayan isha'i, ka kashe shi na rabin awa. Kar ka saurari irin wannan a mota kana jiran maigida. Ka yi amfani da hedifon mai igiyar jonawa, domin Bluetooth yana rage sauti kafin ya aika. In har yanzu ƙarar ba ta isa ba, akwai 'yar na'urar ƙara ƙarfi da ake maƙalawa a gindin waya, ba ta da tsada. Kuma don Allah ka rage murya kafin ka koma waƙar biki, kunne ba ya da sifeya.

Tambaya: Kawu, mu mutanen garin Kasala na Sudan ne. Bayan yaƙin da ya ɓarke a 2023 mun biyo jirgin ruwa daga Sawakin, kuma garmahon marigayi babanmu na cikin 'yan kayan da muka taho da su. A gida lafiya lau yake. A nan kuwa kiɗan gudu yake yi, muryar dattijo ta koma ta yaro. Ya lalace ne a hanya?

Amsa: 'Yata, Allah ya jiƙan Baba, ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Garmahonku lafiyarsa ƙalau, wuta ce ta bambanta. Wutar Sudan, kamar ta Najeriya, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Saudiyya sau 60. Yawancin tsofaffin garmaho motarsu da wannan kaɗawar take auna gudunta. Faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi a minti sai ya koma 40, muryar ma ta hau sama daidai da haka.

Kar ki ɓata kuɗi kan taransifoma. Ƙarfin wuta kawai yake canzawa, ba ya taɓa saurin kaɗawarta. Abin da za a canza shi ne ɗan ƙarfen da ke bakin motar, wanda bel ke zagayawa. Na wutar 60 ya fi na 50 siranta. Wasu garmahon suna zuwa da shi mai hawa biyu, sai dai a matsar da bel. Ki kuma tabbatar da soket ɗin da kike jonawa, domin wasu tsofaffin gidaje a nan har yanzu suna da na volt 127 a gefen na 220. Allurar ma a sabunta ta, tsohuwa tana cin faifai. Fayafayan kuwa a tsaye ake jera su, nesa da taga, zafin Jidda yana lanƙwasa su kamar faifan kaba da ya sha ruwa.

In an gyara, ki nemi The King of Sudanese Jazz na Sharhabil Ahmed, wanda kamfanin Habibi Funk na Balin ya fitar a 2020. Sautinsa bai kai na ECM tsabta ba, tsofaffin ɗauka ne, amma gitar nan da ƙahonin za su mayar da ke gida. Na kunna shi a shago wata rana, wani dattijo ɗan garin Madani na Sudan ya tsaya a ƙofa har ya ƙare bai ce uffan ba.

Tambaya: Kawu, ni ɗalibi ne a Jidda. Ina son Goldberg Variations na Bach, wanda ake kaɗawa da fiyano. Na Víkingur Ólafsson zan saya ko na Glenn Gould? Kuma mai 24-bit, ma'aunin sautin da ya haura na CD, ya cancanci ƙarin kuɗin?

Amsa: Ta biyun ba ta da tsawo. Ma'aunin CD, wato 16-bit da 44.1 kHz, ya riga ya ɗauke duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji, wanda ba ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa. Ka sa rarar a darduma mai kauri da labule, ɗakin tayil yana mayar da amsa-kuwwa yana dagula fiyano.

Ta farkon, fara da na Ólafsson, ɗan ƙasar Aisilan, wanda kamfanin Deutsche Grammophon ya fitar a 2023 har ya ci kyautar Grammy a 2025. An wallafa aikin a 1741: karin buɗewa ɗaya, juyi 30, sannan karin ya dawo. Gould na 1955 bai kai minti 40 ba don ya tsallake maimaici, a na 1981 kuma za ka ji yana guna-guni da baki, wasu na so, wasu na ƙi. Ólafsson ya haura awa guda, kuma hannunsa na hagu a fili yake, kana iya bin kowace murya daban. A juyin masu sauri wani lokaci yana walƙiya fiye da yadda nake so. Amma je ka juyi na 25, mai tafiyar hawainiya, ka kashe fitila, ka saurari yadda kowane sauti ke mutuwa a hankali kafin ya ɗora na gaba.