Amsa ga Malamar da ke son nuna wa ɗalibai hotunan tafiya

Wa'alaikumus salam, Malama. Kin ce kin dawo daga gandun dajin Yankari na jihar Bauchi da hotuna sun fi ɗari biyu a waya, kina son ki haska wa ɗalibanki na Tudun Wada a majigi, amma ba ki san ta inda za ki ɓullo wa abin ba. Na shekara tara ina yin wannan a makarantu da ƙungiyoyin matasa a nan Kaduna, don haka bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

Ki rage hotunan. Ranar da na fara, hoto ɗari da arba'in na jera, ina dannawa ina cewa ga wannan, ga wancan. Kafin in kai rabi yaran baya sun fara gyangyaɗi, na koma gida raina a jagule, domin na san dajin bai cancanci haka ba. Yanzu ba na wuce ashirin da biyar a zama ɗaya, kuma duk hoton da ba ni da labari a kansa ajiye shi nake, komai kyansa. Idan kina da hoton ruwan Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke Yankari, kada ki tsaya a kan cewa yana da kyau. Ki gaya musu daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 ko da sanyin hunturu ake yi, kuma garai-garai yake har kina ganin yatsun ƙafarki a kan yashi. Ki ba su labarin birran da ke shawagi a sansanin baƙi suna fizge leda a hannun wanda ya yi sakaci. Nan za ki ga an miƙe zaune.

Abin da ya fi koya mini darasi ya faru ne a wata makaranta a Rigasa. Na sa hoton ungulu a kan busasshen reshe, ban ma ɗauke shi da muhimmanci ba. Na tambaya wa ya san wannan tsuntsu, aji ya yi tsit. Sai tsohon maigadin makarantar, wanda ke tsaye bakin taga da sandarsa, ya ce, "Malam, ashe har yanzu akwai su?" Na ce Baba shigo. Ya shigo ya ba su labarin yadda da can ungulaye ke cika rufin mahauta, har sai an kora su kafin a shanya fata. Yaran nan duk sun san karin maganar ungulu da kan zabo, amma ko ɗaya bai taɓa ganinta ba. Daga nan na yi musu bayani cewa guba da ake sa wa mushe da farautarta don haɗa magani ne suka cinye ta, har a 2015 aka sa irin wadda muka saba gani a gari cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Mun fi rabin awa a kan hoto ɗaya. Tun ranar, duk inda zan yi, sai na nemi dattijo ɗaya, maharbi ko makiyayi ko masunci, ya zauna a gaba.

Saboda haka nake cewa ki kira komai da sunansa na Hausa tukuna: gwanki, ɓauna, mugun dawa, dorina, burtu, gauraka, cilakowa. Haka itatuwa, kaɗanya da ɗorawa da maɗaci da giginya. Yaro in ya ji sunan da kakarsa ke faɗa, sai ya ji dajin nasa ne. Na Turanci ya biyo baya saboda jarabawa.

Kuma ki haɗa da na gida, kada duka ya zama Bauchi. Ga kogin Kaduna nan da garin ya samo sunansa daga kadduna, ga gadar ƙafa ta Lugga da aka kwaso daga Zungeru aka kafa a lambun Gamji. Ga dutsen Kufena a Zariya, ga tsaunukan Kagoro, ga ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, wanda in kina son hotonsa ki je ƙarshen damina lokacin da yake da ƙarfi. Ga ƙauyen Nok, da sunansa ya zagaya duniya saboda mutum-mutumin yumɓu da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928. Ko shamuwa kaɗai ta isa darasi guda: tsuntsuwar da ke tasowa daga kudancin Afirka ta iso mana daf da saukar ruwa, manoma na ganinta su fara gyaran gona. Gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari kuwa, hotunana na can tsofaffi ne, kuma ina faɗa wa yara gaskiya cewa rashin tsaro ne ya hana ni komawa. Abin yana ci mini rai, amma ban yarda kowa ya kwashi 'ya'yan mutane zuwa wani daji ba sai ya tambayi mutanen wurin da jami'an gandun halin da ake ciki a makon.

Game da kayan aiki, farin zanen gado da aka ɗaure da kyau ya wadatar a matsayin allon da za a haska hotunan a kai. Ki toshe tagogi da barguna in da rana ne, domin haske shi ke kashe hoto. Kada ki dogara da wutar NEPA, ki tanadi janareta, a ajiye shi nesa da aji saboda ƙara. Ki kwafe hotunan a filashi tun ana gobe ki gwada. In kin ɗauko kukan tsuntsaye a waya, ki kashe majigin na minti ɗaya su saurara a cikin duhu.

A ƙarshe ki bar musu minti goma sha biyar na tambaya, ki kuma ba su aiki: kowa ya zo da sunan tsuntsu uku da ya gani tsakanin gida da makaranta. In kin sa rana ki sanar da ni, Malama, ina da hoton ungulun nan da na shamuwa a kan sheƙa, zan turo miki. Allah Ya ba da sa'a.