An yi wa Baba tiyata yana kan maganin tsinka jini, ko muna da ƙara?

Tambaya: Barista, mahaifina yana shan warfarin, maganin tsinka jini, tun da jini ya daskare masa a ƙafa. An yi masa aikin gwaiwa a wani asibitin gwamnati a nan Kebbi, jini ya ƙi tsayawa, sai da aka sake shiga da shi ɗakin tiyata aka yi masa ƙarin jini. Mun sa hannu a takardar amincewa. Shi ke nan ba mu da magana? Daga wata 'yar'uwa a Argungu.

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Sa hannun nan bai rufe muku ƙofa ba, Malama. Abin da kuka amince da shi aiki ne da haɗarinsa na al'ada, ba wanda ya sa hannu a kan sakaci.

Sai dai zubar jini kaɗai ba ta isa hujja ba. A shari'ar Ojo da Gharoro ta 2006, allura ta karye a cikin majiyyaciya lokacin aiki, amma Kotun Ƙoli ba ta sami likitocin da sakaci ba. Kotu tana auna abin da likita mai kula, a irin matsayinsa, zai yi. Ga mai shan warfarin, a tiyatar da ba ta gaggawa ba, an saba dakatar da maganin kamar kwana 5 kafin aiki, a yi gwajin INR, wato gwajin saurin daskarewar jini, a ga ko jinin ya dawo daidai. Kuma ba a dakatar da shi kara zube, domin gudan jinin na iya dawowa ya tafi huhu. Don haka duk shari'arku tana rataye a nan: an tambayi Baba magungunan da yake sha? Ya faɗa? An rubuta? An yi gwajin? Idan an tambaye shi bai ambata ba, gaskiya ƙararku ta yi rauni sosai.

Amsar tana cikin fayil ɗinsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibiti ajiye bayanan majiyyaci. Baba da kansa ya rubuta takardar neman kwafi, ku riƙe wadda aka buga wa hatimin karɓa, tare da rasit na jini da na magani. Sannan wani likitan tiyata na daban ya karanta fayil ɗin, don da wuya a ci irin wannan shari'a ba tare da shaidar ƙwararre ba.

Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, tana karɓar koke ta hanyar takardar rantsuwa, tana iya dakatar da likita ko soke sunansa daga rajistar likitoci, amma ba ta biyan diyya. Diyya sai kotu. Abin da ya fi damuna shi ne lokaci: tunda asibitin na gwamnati ne, dokar kare jami'an gwamnati tana iya taƙaita muku wa'adin shigar da ƙara zuwa wata 3. Ku ga lauya a makon nan, ko da ana maganar sulhu. Idan kuɗi ne matsala, ku je ofishin Legal Aid, hukumar da ke taimaka wa marasa hali da lauya, a Birnin Kebbi.