Tsohon ƙahon badujala: kada ka ƙara masa ko sisi

Wani ɗan gwangwan daga Bauchi ya rubuto: "Na tsinci tsohon ƙahon badujala na tagulla mai maɓallai uku, irin wanda ake kira konet, cikin kayan da na auna. Ɗan kawuna ya ce na zamanin Turawa ne, zai yi naira miliyan 20, in ba shi dubu 150 ya kai Legas a gwada. Na ba shi rabi. In cika masa?"

Malam, kada ka ƙara masa ko sisi. Kai da ba ka sayen kilo ɗaya na ƙarfe sai ka ɗora a sikeli, yaya aka yi ka karɓi farashin miliyan 20 daga bakin wanda bai taɓa sayar da ƙaho ba? Zumunci ya sa ka ji nauyin tambayarsa wa zai gwada, kuma wa zai saya. Kuskurenka ke nan.

Shekarun ƙahon suna rubuce a jikinsa. Duba faffaɗan bakin, nan ake zana sunan kamfani da gari. Lambar ƙira kuma tana wajen maɓallan ko a bakin, akwai jadawalinta a intanet kyauta. In ka ga Boosey & Hawkes, bai girmi 1930 ba, don a shekarar Boosey & Co. da Hawkes & Son na Landan suka haɗe. In sunan ɗayansu ne shi kaɗai, galibi ya riga haka. Ka lura, akwai na jabu daga Indiya masu ɗauke da sunayen nan.

Ko da na asali ne, an ƙera irinsa dubbai don sojoji, 'yan sanda da makarantu. Galibinsu a Turai ba sa wuce dala 50 zuwa 200, mai lotsattsen jiki da maƙalallun maɓallai bai ma kai nan ba.

Na san wani mai shago a Gombe da ƙaninsa ya rantse masa akwai jan makuri, sinadarin nan da ake yaɗa ƙaryar cewa yana da tsada sosai, a tsohon keken ɗinkin mahaifiyarsu. Kuɗin mota yau, kuɗin mai gwaji gobe, har jarin ya ƙare. Yanzu ko gaisuwa ba sa yi.

Karɓo ƙahonka ka riƙe a hannunka. Kada ka goge shi da sanfefa, za ka cinye rubutun. Ɗauki hoton sunan da lambar, ka kai wa mai koyar da badujala a makaranta ko coci ya busa ya ji. In yana aiki, su ne masu sayensa. In ya mutu, ka san kuɗin kilon tagulla fiye da ni. Dubu 75 ɗin kuma ka rubuta ta bashi a gaban kawun naka.