Zagayen Fadamar Haɗejiya da Nguru a Ƙafa: Wane Wata, Ta Ina, Da Wane Shiri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Kano. Ina so in kai ɗalibaina goma sha biyu fadamar Haɗejiya da Nguru su ga tsuntsayen da ake cewa daga Turai suke zuwa, kuma so nake mu zaga tafki da ƙafa. Akwai hanyar da aka shata wa masu yawo? Wane wata ya fi, me za mu riƙe, me za mu kiyaya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka tafi da tsammanin hanya mai alluna da kibiyoyi. A wannan fadama ruwa ne ke shata hanya, kuma kowace shekara sabuwa yake shatawa. Kogin Haɗejiya da na Jama'are suna saukowa ne cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayi, sai ruwan ya rarrabu tsakanin tudun yashi ya zama tafkuna da kududdufai, kafin ya sake haɗuwa wajen Gashuwa ya nufi Tafkin Cadi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar ta daina bin damina kaɗai. Ruwan da ake sakowa da rani ya sa wasu magudanai ba sa bushewa, kacala kuwa, wato doguwar ciyawar ruwa, abin da take so ke nan: ta cika su, ta toshe, ruwa ya nemi wata mafita. Shi ya sa turbar da wani ya bi bara kana iya tarar da ita bana ƙarƙashin ruwa, ko cikin kacala da ta fi mutum tsawo.

Wurare uku za ka duba. Akwai Tafkin Nguru da magudanar Marma, wurin da Najeriya ta fara sakawa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a shekarar 2000. Akwai Dagona a ƙasar Bade, Jihar Yobe, mafakar tsuntsayen ruwa da ke ƙarƙashin gandun daji na ƙasa na yankin Tafkin Cadi. Sai Baturiya a Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma, Jihar Jigawa. Su biyun nan a 2008 aka saka su cikin Ramsar. Ga mai tasowa daga Kano da yara, Baturiya ta fi kusa. Dagona sai da izinin ma'aikatan gandun, kuma su ne za su haɗa ka da ɗan rakiya. Ko ina ka zaɓa, ka je kai kaɗai mako guda kafin ranar, ka gaida mai gari ko bulama, ka tambayi halin tsaro da halin hanya, ka nemi masunci ko manomin da ke kwana yana tashi a wurin ya zaga da kai. Kuɗin ɗan rakiya kada ka yi ƙyashinsa. Taswirar waya ba ta san inda ruwa ya tsaya jiya ba.

Lokaci kuwa, daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu. A Satumba da Oktoba ruwa ya mamaye ko'ina, tsuntsaye sun bazu, tafiyar ta kwalekwale ce. Da ruwa ya fara ja, kifi da ƙwari da hatsin ciyawa sai su taru a tafkunan da suka rage, tsuntsaye su biyo su, gefen tafki kuma ya bushe har ya ɗauki ƙafa. Shi ya sa ma ƙidayar tsuntsayen ruwa ta shekara-shekara a Janairu ake yin ta. Daga Maris baƙin sun fara haramar komawa, zafin rana kuma yana haura digiri 40. Illar Janairu ɗaya ce, hazo: idan ya sauko da ƙarfi ba za ku ga tsallaken tafki ba. Ka ware kwana biyu, in ɗaya ta ƙi ɗaya ta yi.

Ku kwana kusa, ku kama hanya da an sallame asuba, ku kasance bakin ruwa gari na wayewa. Kilomita biyar zuwa shida sun isa. Mai kallon tsuntsu ba ya wuce kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu a awa, wato tafiyar awa uku ke nan, ku dawo inuwa kafin goma da rabi. Ku fara ta gabashin tafki, rana na bayanku. Wanda ya fara ta yamma da safe inuwar tsuntsu kawai zai gani, baƙi ƙirin a kan ruwa mai ƙyalli, ba launi ba alama.

Yanzu ga inda akasarin mutane ke kuskure, wato wurin sa ƙafa. In ka tsaya bakin tafkin da ke ja za ka ga ƙasa hawa uku. Can sama yashi ne da goriba da bagaruwa. Tsakiya laka ce da ta bushe ta yi fari-fari, ta tsattsage, ga sawun shanu ya daskare a kanta. Kusa da ruwa kuma laka ce mai duhu, samanta ya yi ɓawo kamar ta bushe. A ta tsakiyar ake tafiya. Ta ukun nan yaudara ce: ɓawon bai fi kaurin yatsa biyu ba, ƙarƙashinsa taɓo ne da zai haɗiye ƙafa har gwiwa. Na gaba ya riƙe sanda mai tsawon kafaɗa yana caka ƙasa. In sanda ta shige fiye da taki ɗaya ba tare da ka danna ba, a koma baya. Sawun shanu sabo shaida ce mai kyau, don ƙasar da ta ɗauki saniya za ta ɗauki yaro. Idan wani ya nutse, kada ya yi ta fizge-fizge, kuma kada 'yan'uwansa su ruga kansa su zama biyar a ciki. Ya zauna ya jingina baya don nauyinsa ya bazu, ya zaro ƙafa ɗaya a hankali yana murza ta, a miƙa masa sanda daga busasshiyar ƙasa. Takalmi in ya tafi, a bar shi.

Doka ɗaya ce ba ta da sassauci: ba mai taɓa ruwan. Ba wanka, ba wanke ƙafa, ba alwala. Ruwa mai kwanciya da ciyayi gidan ƙananan dodon koɗi ne da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar tana fitowa cikin ruwa, ido ba ya ganin ta, tana ratsa lafiyayyar fata cikin 'yan mintuna, fitsarin jini kuwa sai bayan makonni ko watanni. Za ku ga yaran gari suna ninƙaya, ɗalibanka za su ce to su fa? Da yawansu suna ɗauke da ita. Wanda ya faɗa ruwa bisa tsautsayi a goge masa jiki nan take da busasshen tawul, a rubuta ranar, bayan wata biyu a kai shi gwajin fitsari. Maganinta ba wuya, rashin sani ne ke barin ta ta yi ɓarna.

Kowa da takalmi rufaffe da safa da dogon wando, silifa a bar ta a mota. Ƙarangiya kaɗai ta isa dalili, balle maciji. Kasa ba ta gudu in ta ji motsi, kwanciya take yi, da sanyin safiya kuma takan fito shan hantsi a kan turba. Kada a sa hannu cikin kaba ko ramin gara. In an yi sara, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure jijiya. A cire zobe ko agogo, a ɗaure gaɓar da kara don kada ta motsa, a ɗauki mutum zuwa mota. Tun ranar da ka je duba wuri ka tambayi asibitin da ke da maganin dafi, a Haɗejiya ko Gashuwa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, kuma direba ya zauna da mota kusa, wayarsa a kunne.

Ruwan sha lita biyu kowane mutum, wato ledar fiyawota huɗu, da ƙullin gishiri da sukari kamar shida na ko-ta-kwana. Ledojin a dawo da su, shanu na haɗiye su. Rigar sanyi ma dole, don da asubar hunturu a bakin ruwa sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 15. Tufafi masu launin ƙasa, ban da farar rigar makaranta. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 shi ne daidai, ɗaya ga mutum uku.

Mutum goma sha biyu a jere garke ne, kafin ku iso tafki ya watse. Raba su shida-shida: rabi su zauna kan jigawa ƙarƙashin giyayya ko goriba suna kallo, rabi su zaga, bayan awa ɗaya da rabi a yi musanya. Sau da yawa na zaune ma sun fi gani. Kada ku tunkari tsuntsu kai tsaye, ku bi ta gefe kamar masu wucewa, ku tsaya taku ɗari da hamsin daga taron agwagi. Su da kansu za su gaya muku iyakarku: in kirinjijiya ta miƙe wuya ta fara fito, ko zakaran ƙeƙuwa ya tashi yana ƙwala ihu, kun matso da yawa. Kada wani ya yi jifa ko tafi don a ga tashinsu. Baƙin tsuntsayen Turai kitse suke tarawa na ƙetare Sahara, kowane tashin banza daga guzurinsu ake cirewa.

An ƙidaya tsuntsaye iri fiye da 370 a fadamar, amma ku fara da 'yan gida masu sauƙin ganewa: dinya, babba baƙa mai farin ciki, zalɓe tsaye cik kamar an dasa shi, jinjimi fari mai baƙin kai da lanƙwasasshen baki, takabaɗo da dogayen yatsunsa yana tafiya kan ganyen baɗo bai nutse ba. Gauraka ta yi ƙaranci ƙwarai saboda kamu, in kun gan ta kun yi sa'a. Baƙin Turai da Rasha kuwa, ku nemi ƙaramar agwagwa da namijinta ke da farin layi bisa ido, da wata mai siririn wuya da wutsiya kamar tsinke, da 'yan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke sauka dubbai a gonakin shinkafa da aka girbe suna tsintar abin da ya zube. Shamuwa kada ku neme ta, da damina take zuwa.

Fadamar ba daji ba ce da babu mai shi. Gonakin alkama da albasa da tattasai a bi ta gefensu, dumba (shingen kamun kifi) da ragar masunta da igiyar ƙugiyoyi kada a taɓa, in garke ya taho mashaya a ba shi hanya, hoton mutane sai da izininsu.

Kowane rukuni ya riƙe littafi. Babban taro ba a ƙirga shi ɗai-ɗai: a ƙirga goma, a ga faɗin da suka ci a madubi, a auna goma-goma har ɗari, sannan a yi ta ɗora ɗari-ɗari har ƙarshen taron. Mutum biyu su ƙirga dabam, in bambancinsu ya wuce kashi ɗaya cikin biyar a sake. A rubuta rana da lokaci da ƙarfin hazo, sannan a zaɓi itace guda sananne a ƙirga taku nawa ne daga gindinsa zuwa bakin ruwa. Ajin da za ka kawo baɗi daga wannan itacen za su fara awo.